Jarumai Huɗu, Kowa Da Nasa Yaƙin

A wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, mutum huɗu ko biyar ne ke kewaye tebur, kowa da jarumin da yake wakilta: wannan mayaƙi, wancan matsafi, ga ɓarawo, ga mai warkarwa. Mutum ɗaya ke jan ragama, shi ke ba da labari, shi kuma ke motsa dodanni. Idan faɗa ya kaure sai a jefa ɗan lido mai fuska ashirin a ga ko sara ya kama. Saboda wannan jifar, duk ƙungiyar da aka karkashe sai ta ɗora laifin kan rashin sa'a. Sau da yawa ba sa'a ce ta juya musu baya ba. Kowane ɗan wasa ne ya shiga fage a matsayin tauraron nasa labarin, alhali dokokin wasan, da suka samo tushe daga wasan yaƙi na Chainmail na 1971, lissafin runduna suke yi.

Doka ɗaya ce ta haifar da wannan lissafi. Kowace halitta tana da makin rai, kuma dodon da ya rage masa maki ɗaya yana kai sara da ƙarfin wanda ba a taɓa ba. Rauni ba ya rage masa komai, sai ya faɗi. A ɗauka abokan gaba huɗu ne, kowanne da maki 20, jarumai huɗu kuma kowa na cire maki 5 a zagaye, jaruman ne kuma ke fara kai hari. Idan kowa ya zaɓi nasa abokin karawa, duk abokan gaban huɗu za su kai zagaye na huɗu a tsaye, sun kai hari sau 12 kafin su faɗi. Idan kuwa aka yi wa ɗaya taron dangi, a zagayen farko saura uku, sannan biyu, sannan ɗaya: hari 6 ke nan. Ƙarfin jaruman bai ƙaru da komai ba, amma dukan da suka sha ya ragu da rabi. Injiniyan Ingila Frederick Lanchester ya tsara irin wannan lissafi game da yaƙin gaske tun 1916, kuma Bahaushe ya riga shi da cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Duk da haka za ka ga mayaƙi ya bar dodon da ke dab da faɗuwa ya ruga wajen shugabansu, don can ne ake yin suna.

Labarin Lost Mine of Phandelver, wanda ya zo cikin akwatin koyo na bugu na biyar na wasan a 2014, ya nuna abin a fili tun faɗan farko. Matafiya na rakiyar keken kaya sai su tarar da matattun dawakai biyu a kan hanya, kibau a jikinsu. Ƙananan dodanni huɗu da ake kira goblin na laɓe a daji. Kowannensu makinsa 7 ne kacal, amma kibiyarsa na cire kusan 5, kuma yana iya harbi ya sake ɓuya a zagaye guda. Matsafi a matakin farko da wuya makinsa ya wuce 8. Idan mayaƙi ya kutsa daji shi kaɗai, ɓarawo ya bi wata hanyar, matsafin ya tsaya tsirara a tsakiyar hanya, kibiya biyu sun ishe shi. Ga keken nan kuwa da za a fake a bayansa, ba wanda ya dube shi. Sauran kurakuran duk 'yan gida ɗaya ne. Matsafi ya kai mataki na biyar ya samu ƙwallon wuta mai cin ƙafa 20 ta kowane gefe, ya jefa ta inda abokinsa ke tsaye. Ko a bar ƙofa ƙunƙunta, inda mutum ɗaya zai tare goma, a fita fili a bari a kewaye kowa.

Masu kare irin wannan wasa suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Cewa suke wannan wasan labari ne, wanda ke son lissafi ya je ya buga dara. Idan jarumina mai zafin kai ne, dole in buga shi da zafin kai. Gaskiya ne cewa jarumi marar aibi ba ya daɗin labari. Sai dai mutumin da ake wakilta da takobi yake ci, ya san amfanin ƙofa da bango fiye da mai wakiltarsa, don haka sa shi yin wauta a fage ba riƙe halinsa ba ne. Zafin kai yana da wuraren fita da yawa: gaban sarki, wajen rabon ganima, lokacin da aka ce a yi sulhu. Kuma wanda ya ruga shi kaɗai ba shi kaɗai ke biya ba. Mai warkarwa zai ƙone tsafinsa wajen tashe shi, sauran su bar matsayinsu don ceto shi, jagoran wasa kuma ya shiga tsaka mai wuya: ko ya kashe jaruman da aka yi watanni ana ginawa, ko ya ɓoye jifarsa a bayan allo ya ce dodo ya kuskure. Da zarar 'yan wasa sun gane ana yi musu haka, fargaba ta tafi, labarin da ake karewa shi ne ya fara mutuwa.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, domin wani ɓangare na laifin na masu tsara wasan ne. A bugun farko-farko, yawancin makin ci gaba daga zinariyar da aka kwaso yake fitowa, don haka wanda ya lallaɓa ya ɗauki dukiya ba tare da faɗa ba ya ci riba. Bugun Tom Moldvay na 1981 har yana da dokar da ke iya sa dodanni su tsere idan ɗayansu ya faɗi ko rabinsu suka ƙare. Bugu na biyar ya mayar da yawancin makin kan cin galabar dodanni, ya kuma bai wa jagora ma'aunin daidaita faɗa da ƙarfin ƙungiya. 'Yan wasan da suka taso a haka sun koyi cewa duk abin da aka ajiye gabansu za su iya da shi, sai gudu ya fita daga tunaninsu. Amma ma'aunin nan an gina shi ne a kan ƙungiyar da ke aiki tare, kuma ba ya hana jagora motsa dodanninsa da wayo. Keith Ammann ya fitar da littafi a 2019 yana koya wa jagorori yadda kowane dodo zai yi faɗa da hankali, a 2020 kuma ya biyo da wani don 'yan wasa, saboda goblin huɗu da suka san amfanin daji sun fi ƙarfin jarumai huɗu da ba su yi shawara da juna ba kafin a jefa ɗan lidon farko.