Ƙwaron da Ya Sassauta wa Tafkin Biktoriya

Akwai wata ciyawar ruwa, danginta ba ɗaya da kainuwa ba amma tana yawo bisa ruwa kamar ita, mai faffaɗan ganye da fure shuɗi-shuɗi. Asalinta yankin Amazon ne a Kudancin Amurka. Ta bayyana a Tafkin Biktoriya wajajen 1989, kuma cikin shekaru goma ta rufe dubban hektoci. Jiragen ruwa suka kasa fita daga tashar Kisumu ta Kenya, masunta suka rasa inda za su jefa koma, ciyawar har ta riƙa toshe injinan lantarki a madatsar ruwan Jinja.

A ƙasarta ta asali tana da abokan gaba, nan kuwa ba ta da su. Sai aka kawo mata su: ƙwari iri biyu da masana ke kira Neochetina, 'yan uwan ƙwaron da ke huda hatsi a rumbu. Sudan ta riga ta gwada su a kogin Farin Nilu tun ƙarshen shekarun 1970, Yuganda kuma ta sake su a tafkin a 1995.

Aikin sakin ba ya buƙatar manyan kaya. Ana kiwon ƙwarin a tankuna da ganguna cike da ruwa da ciyawar, kuma masunta da kansu suka riƙe wuraren kiwo da dama a bakin gaɓa. Idan sun yawaita, a ɗebo su da hannu, ko a ɗauki ciyawar da ke ɗauke da ƙwai, a kai cikin kwalekwale a cusa ta inda ta yi kauri kuma iska ba ta kaɗa ta. Babban ƙwaro da dare yake ci, yana barin ƙananan tabo a ganye, kuma da tabon nan ake gane ya kama wuri. Tsutsar ce ke yin ainihin ɓarnar: tana rarake kara har gindi, ruwa ya shiga, ciyawar ta ruɓe ta nutse.

Abin da ya fi wuya shi ne haƙuri. Sai an yi shekara uku zuwa biyar kafin a ga canji, kuma fesa magani ko share wurin da aka saki ƙwarin yana mayar da aikin baya. Zuwa 2000 ciyawar ta ragu sosai, ko da yake ruwan sama mai yawa na 1997 da 1998 ya taimaka. Ba ta ƙare ba, domin irinta na iya yin shekaru a cikin laka, kuma dattin da ke kwarara daga garuruwa da gonaki taki ne a gare ta.