Agogon Da Ke Gane Faɗuwar Dattijo

A unguwannin Bronx da Harlem na birnin New York, dattawanmu da dama kan wuni su kaɗai a gida, 'ya'ya sun fita nema. In tsoho ya faɗi, wa zai ji?

Tun 2018 agogon Apple Watch ke gane faɗuwa ta hanyar auna ƙarfin motsi da juyawar hannu. In mutum ya yi kusan minti 1 bai motsa ba, sai ya kira 911.

Sai dai da misalan motsin jama'a ake koyar da irin waɗannan na'urori. Don haka mu matasa muke roƙon iyayenmu, in masu bincike suka nemi 'yan sa-kai, a shiga, domin na'ura ta ƙara sanin bambancin sujada, zaman tabarma da faɗuwar gaske. Rigakafi ya fi magani.