Asibitin Jahun: Jinkar Da Hannu Biyu Suka Ɗauka

A ƙauyukan da ke fadamar kogin Haɗejiya, tun daga Miga har zuwa Kafin Hausa da Auyo, in aka ce an wuce da mace Jahun, to, kowa ya san haihuwa ce ta zo da gardama. Babban Asibitin Jahun, wanda ke ƙasar Dutse cikin Jihar Jigawa, ya sami wannan suna ne ta dalilin wata yarjejeniya da aka ƙulla cikin 2008 tsakanin Ma'aikatar Lafiya ta jihar da ƙungiyar nan ta duniya mai zaman kanta da ake kira MSF, wadda Hausawa suka laƙaba wa suna Likitoci Na-gari Na-kowa.

An kafa wannan ƙungiya a Faransa cikin 1971, kuma wasu daga cikin likitocin da suka kafa ta sun yi aikin agaji a Nijeriya lokacin yaƙin basasa. Ta yi aiki a Kano cikin 1996 sa'ad da annobar sanƙarau ta ɓarke. Galibin kuɗin da take kashewa gudummawa ce ta ɗaiɗaikun mutane daga ƙasashe dabam-dabam, ba kuma ta neman riba.

Rabon aiki

Yadda aka tsara abin shi ne, asibitin na gwamnati ne, ita ke da fili da gine-gine, ita ce kuma ke riƙe da sauran sassan da ba su shafi haihuwa ba. Ita kuwa ƙungiyar sai ta sa hannu a sashen haihuwa, da ɗakin fiɗa, da ɗakin jarirai marasa lafiya da bakwaini, da sashen masu yoyon fitsari. Takan kawo magunguna da kayan aiki da ƙwararrun likitoci, ta kuma horad da ma'aikata. Ungozomomin gwamnati da na ƙungiyar suna aiki tare a ɗaki ɗaya. Abin da ya fi jawo hankalin talaka kuwa shi ne, ba a karɓar ko kwabo a hannun mai naƙuda, ko da fiɗa aka yi mata ko ƙarin jini.

Ba za a gane nauyin wannan ba sai an dubi girman matsalar. Bisa ga ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin 2020 kaɗai mata wajen 82,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, watau fiye da rubu'in dukkan waɗanda suka rasu ta wannan hanya a duniya. Abubuwan da ke kashe su sanannu ne: zubar jini, da jijjiga wadda hawan jini ke haddasawa, da doguwar naƙuda, da zazzaɓin da ke biyo bayan haihuwa. Kusan dukkansu suna da magani in an kai mace asibiti a kan kari.

Rahoton ƙungiyar na 2016 ya nuna an kwantad da mata fiye da 10,000 a sashen haihuwa na Jahun cikin wannan shekara, kuma kashi 70 cikin ɗari daga cikinsu sun zo da matsala. Har wa yau an yi wa mata kimanin 400 maganin yoyon fitsari.

Ciwon da ke raba aure

Yoyon fitsari ciwo ne da doguwar naƙuda ke haifarwa. In kan jariri ya kakare a ƙugun uwa kwana biyu ko uku, sai ya danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa har jini ya daina isa wurin. Naman ya mutu, ya zube, ya bar ƙofa, fitsari ya riƙa zuba dare da rana ba tare da mace ta iya riƙe shi ba. Sau da yawa jaririn ba ya zuwa da rai. Yarinyar da aka aurar tun ƙugunta bai gama buɗewa ba ta fi shiga haɗari, yankan gishiri ma yana jawo shi. Daɗin daɗawa, mai wannan ciwo takan rasa aurenta, ta ƙaurace wa biki da suna saboda zarni, ta koma gidan iyayenta tana ɓuya.

Aikin ɗinke wannan ƙofa ya daɗe a ƙasar Hausa. Tun cikin 1984 wani likita ɗan ƙasar Holan, Dokta Kees Waaldijk, ya fara shi a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, ya kuma koyar da likitoci masu yawa 'yan ƙasa. A Jahun, bayan an yi wa mace aiki takan zauna da robar fitsari kamar mako biyu kafin a tabbatar ta bushe. Kana a yi mata gargaɗi cewa in ta sake samun ciki ta je awo, ta kuma haihu a asibiti, domin ɗinkin yana iya warwarewa.

Abin da ke jinkirta su

Masana sun ce jinkiri iri uku ke kashe mai naƙuda: jinkirin yanke shawara a gida, da jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa asibiti. Yarjejeniyar Jahun ta yi maganin na ukun gwargwadon hali, amma biyun farko suna can wajen katangar asibiti. Mai haihuwar fari takan ɓoye naƙuda saboda kunya. Wani lokaci maigida ya tafi cin rani, ba wanda zai ba da izini ko kuɗin mota. Sai an gama jiƙe-jiƙe da rubutun sha, abu ya faskara, sa'an nan a nemi amalanke.

Ga kuma ruwa. Ƙasar nan shimfiɗaɗɗiya ce, kuma ciyawar kacalla ta toshe rassan kogi da dama, saboda haka in damina ta yi nisa ruwa yakan bar hanyarsa ya malale gonaki da hanyoyi. A ambaliyar 2022, wadda ta yi wa Jigawa mummunar ɓarna, ƙauyuka da yawa sai da kwalekwale ake shigarsu. Macen da ke zubar jini bayan haihuwa kuwa tana iya cikawa cikin awa biyu.

An yi ƙoƙarin toshe wannan kafa ta wani haɗin gwiwar. Ƙarƙashin shirin Haihuwa Lafiya na gwamnatin jihar, da kuma taimakon ƙungiyar direbobi ta ƙasa, an koya wa direbobin ƙauye alamun haɗari domin su ɗauki mai naƙuda ko da tsakar dare ne. Ita ma MSF daga baya ta miƙa hannu ga wasu ƙananan asibitoci na kewaye, domin a riƙa karɓar haihuwar da ba ta da matsala a can, a bar wa Jahun mai wuya.

Dalilin haka a fili yake. Sunan da asibitin ya yi ya jawo masa cunkoso, har daga jihohin maƙwabta ake zuwa, alhali kuwa in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Duk wuri ɗaya da ya zama shi kaɗai ne abin dogaro, to, alama ce ta cewa sauran wuraren ba su tsaya da ƙafafunsu ba.

Baƙo raɓa ne

Tambayar da ya kamata hukuma ta riƙa yi wa kanta ita ce, ranar da baƙin nan suka naɗe tabarmarsu, me zai saura? Ƙungiyar agajin gaggawa ba ta zama wuri har abada. A Zamfara ta fara jinyar yaran da gubar dalma ta kama cikin 2010, ta kuma miƙa wa gwamnatin jihar aikin cikin 2022. Cikin 2025 ma an ga yadda Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji, USAID, shirye-shiryen lafiya da dama a Afirka suka tsaya cik. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Abin da ba ya tafiya da baƙo shi ne ɗan gida da aka koya wa aiki. Jigawa tana da makarantun koyon aikin jinya da ungozomanci a Birnin Kudu da Haɗejiya, tana kuma da kwalejin horad da ma'aikatan lafiya a cikin garin Jahun kansa. Samar da ma'aikaci abu ɗaya ne, riƙe shi a karkara wani abu ne dabam, domin ungozomar da ba ta da gida mai kyau da albashi a kan lokaci za ta nemi canji zuwa Dutse ko Kano. Haka kuma batun kuɗi. A Abuja cikin 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi asusu na musamman domin ƙananan asibitoci. Ma'aunin waɗannan alkawura shi ne ko akwai jini a ma'ajiya, da man janareto, da allurar tsayar da jijjiga a daren da aka kawo mai naƙuda.

Jama'a ma suna da nasu kason, wanda ba gwamnati ko ƙungiya da za ta ɗaukar musu. Maigida ya bar izini da ɗan guzuri tun kafin ya yi tafiya. Dagatai da limamai su riƙa tunatarwa a kan awon ciki. Samari su ba da jini ba sai ɗan'uwansu ne ke kwance ba. Iyaye kuma su bar 'ya'yansu mata su yi karatu, domin daga cikinsu ne za a sami ungozomomin gobe.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a Jahun an ga amfanin hannu biyu. Sauran aiki shi ne mai gida ya kafa ginshiƙan da za su riƙe ta bayan mai taya shi ya tafi. Allah ya sauki masu ciki lafiya.