Kasuwar Gummi, Daga Kara Zuwa Rumfunan Ƙwarya

Matafiyin da ya taso daga Gusau yana nufin yammacin ƙasar Zamfara, idan ya bar hanyar Sakkwato a Mayanci, ya ratsa Anka, ya wuce mararrabar Daki Takwas inda hanyar Zuru ta rabu ta yi kudu, ba zai daɗe ba sai ya iske kansa a Gummi, alƙaryar da ke zaune a bakin gulbin Zamfara, wadda galibin arzikinta daga fadama yake fitowa. Kasuwannin wannan nahiya ba kullum suke ci ba. Kowace da ranarta a cikin mako, ta Talatar Mafara ran Talata, ta Shinkafi can gabas ran Alhamis, sauran kuma su raba ragowar kwanaki a tsakaninsu, ta yadda falke zai iya kwance kaya yau a Nasarawar Burkullu ta ƙasar Bukkuyum, ya ɗaure abin da ya rage, ya nufi wata kasuwar, bai rasa mai saye ba har mako ya zagayo.

Ƙasar kuwa tsohuwa ce ƙwarai. Bayan da Gobirawa suka ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18, sarautar ta yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan har ta tabbata a Anka, inda Sarkin Zamfara yake zaune har yau. A Gummi akwai Sarkin Mafara, a Bukkuyum akwai Sarkin Danko. Jihar Zamfara ita kanta sai a 1996 aka yanke ta daga Sakkwato, alhali mu'amalar da ke tsakanin Bazamfare manomi, da Bafillatani mai shanu, da masuncin bakin gulbi, da Badakkaren da ke haurowa daga wajen Zuru da dawarsa, ta girmi jihar da ɗaruruwan shekaru.

Amma fa baƙon da ya sauka a tasha ya shiga kasuwar Gummi shi kaɗai, abin da zai gani bai wuce abin da ya baro a garinsu ba: bokitan roba, da atamfofi, da takalman soso, da samari masu cajin waya, da mai maganin gargajiya yana shela da lasifika. Zai zaga, ya sha rana, ya koma ya ce ya ga kasuwa, alhali fuskarta kawai ya gani. Da ɗan gari akan ci gari, in ji magabata, kuma a sha'anin tijara wannan magana ta daɗe da zama ƙa'ida, domin tun zamanin ayari, falke ba ya shiga kasuwar da ba tasa ba sai ta hannun mai masaukinsa, wanda zai ba shi wurin kwana, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya kuma tsaya masa lamuni idan an ɗauki kayan bashi. Wanda ya yi mini jagora irin waɗannan mutane ne, wani dattijo dillalin shanu, wanda ya gaji sana'ar daga mahaifinsa, wanda kuma ba mu yi taku goma ba tare da wani ya tsai da shi sun gaisa ba.

Daga kara muka fara, tun rana ba ta yi zafi ba. Wanda bai san kan abin ba zai zaci hayaniya ce kawai da ƙura, amma akwai tsari a ciki wanda bai gaza na kotun alƙali ba. Mai sa ba ya magana da mai saye. Yana can gefe tsugune, ya dogara da sandarsa, dillali ne bakinsa. Na tsaya kusa da wani cinikin bijimi fari mai tozo, na ga mai saye ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya matsa gadon bayansa, ya sa aka ja shi ya yi tafiya don a ga ko yana ɗingishi, sa'an nan ya taya. Dillali ya ce, "Albarka." Ya ƙara, aka sake cewa albarka. Sai da aka yi haka har farashi ya kai inda dillali ya ga ya kamata, sa'an nan ya je ya durƙusa kusa da mai dabba, suka yi magana ƙasa-ƙasa, ya dawo ya kama hannun mai saye ya ce an sallama. Daga nan ba mai janyewa, ko da wani ya zo da ninkin kuɗin. Aka ƙirga kuɗi a gaban shaidu, aka fitar da la'ada.

Na ce wa jagorana, "Baba, me ya hana mai dabba ya sayar da abinsa da kansa, ya huta da biyan la'ada?"

Ya ce, "Malam, la'ada ba kuɗin surutu ba ta. In wanga sa na sata na, gobe anka biyo sawu, wa za a kamawa? Ni za a kamawa, don ni nis san wanda yak kawo shi, nis san ubanai, nis san rugga tasu. Wanda ban sani ba, ko shanunai sun kai ɗari, ban taɓa igiyassu."

Wannan jawabi nasa ya ƙunshi asalin abin da kasuwar take tsaye a kai. Malamanmu na zaure, idan sun kai babin ciniki a cikin Risala, sukan daɗe suna bayani a kan garari, watau sayar da abin da ba a san haƙiƙaninsa ba, da najashi, watau mutum ya ƙara farashi ba don yana son saye ba sai don ya ruɗi wani, da kuma hanin tarbar kaya a hanya kafin mai su ya iso kasuwa ya san yadda ake ciki. Dillalan kara ba duka ne suka zauna gaban malami ba, kuma ba zan ce dukansu tsarkaka ne ba, gama akwai masu ɓoye wa mai dabba ainihin abin da aka taya. Sai dai irin waɗannan ba sa daɗewa, sabili da kasuwar mako-mako ba ta mantuwa, kuma wanda aka sani da cin amana sau ɗaya, Fulani sukan daina miƙa masa igiya.

Muka ratsa ta wurin ma'auna, inda ake zuba gero da dawa da wake da shinkafar fadama a kan tabarmi ana awo da tiya, mai saye yana lura da hannun ma'auni ko ya cika ta yi tozo, yana kuma neman gyara a ƙarshe. Ban tsaya nan sosai ba, domin dattijon ya ja hannun rigata ya ce, "Taho mu tai baya, nan ba ka ga komi ba tukuna."

Bayan da yake nufi shi ne rumfunan ƙwarya, kuma saboda su ne na ɗauki alƙalami. Ƙasar Gummi ta shahara da noman duma. Idan ruwan gulbi ya janye bayan damina ya bar laka mai danshi a fadama, sai manoma su shuka, duman ya yi yaɗo ya yi 'ya'ya cikin rani ba tare da an sha wahalar ban ruwa mai yawa ba; idan ya ƙosa a tsinke, a fafe shi gida biyu, a kwashe cikin, a kankare, a shanya, 'ya'yan kuma a ajiye na iri a sayar da saura. Abin da ke fitowa daga wannan tsiro guda ɗaya yana da ban mamaki ga mai tadabburi. Ga masaki, babbar ƙwaryar da ake zuba hatsi ko a yi wa jariri wanka, ga ƙwaryar fura da ta tatsar nono, ga ƙoƙo, ga ludayi mai dogon wuya, ga gora da makiyayi ke ratayawa da ruwa, da babbar gorar da masunci ke kifa ciki a kanta ya yi iyo yana jan koma, ga jallo na alwala, ga zunguru da amarya ke zura hannu a ciki idan an ƙunsa mata lalle, ga shantu da mata ke kaɗawa a cikin gida ranar biki. An jera su ƙarama cikin babba, an ɗaure da igiya, an tara har sun fi tsayin mutum, suna jiran motocin da za su kwashe su zuwa wasu garuruwa.

A ƙarshen layin na iske wani tsoho gyartai zaune a kan buzu, ƙwarya fasasshiya a kan cinyarsa. Yana huda gefen tsagar da basilla, rami kusa da rami, yana zura zare yana ja, har bakin ya haɗu ya koma kamar ba a taɓa fasa shi ba. Da ya gama sai ya zuba ruwa a ciki ya ɗaga sama, mai ita, wata Bafillatana, tana kallo, ko ɗigo bai zubo ba. Abin da ta biya shi bai kai kuɗin sabuwa ba, amma ba don rowa ta kawo gyara ba. Ta ce ƙwaryar tana cikin kayan da uwarta ta jera mata ranar aure. Kusa da shi wani yana zane da wuƙa mai zafi da yake cirowa daga garwashi, hayaƙi yana tashi, layi yana bin layi ba tare da ya auna da komai ba sai ido.

Roba da kwanon silba sun ci rabin wannan ciniki, babu shakka, kuma ba na zargin matar da ta zaɓi abin da ba ya fashewa. Duk da haka mai sayar da nono ba ta bar ƙwarya ba, domin ta san nono ya fi yin sanyi da daɗi a cikinta, kuma kuɗin da aka biya a kan ƙwarya, tun daga manomi har mafafi da mai zane da gyartai, a cikin ƙasar yake tsayawa. Abin takaici a gare ni shi ne ban ga yara da yawa zaune kusa da waɗannan tsofaffi suna koyo ba.

Daga nan muka gangara wajen gulbi, inda mata ke sayar da kifi banda, tarwaɗa da ƙarfasa, jiragen kwalekwale kuma suna sauke mutanen ƙetare da buhunansu. Gulbin nan shi ne rahamar garin, shi ne kuma jarrabawarsa. A daminar 2024 ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a Gummi, kuma a watan Satumba na shekarar jirgin da ya ɗauko manoma zuwa gonakinsu ya kife, mutane da yawa suka rasu. Allah ya jiƙansu da rahama.

Akwai kuma wani ciniki da ba shi da rumfa, wanda ya fi ƙarfi a wajen Anka da Bukkuyum, shi ne na zinariya. Mai saye yakan zauna da ɗan ƙaramin sikeli a aljihu, ma'aikatan rami su kawo masa abin da suka tace da zaiba a ƙulle cikin leda. Wannan ciniki ya shigo da kuɗi, amma ya shigo da musibar da ba za a manta ba. Duwatsun da ake haƙowa suna ɗauke da dalma, mutane kuwa ba su sani ba, suka riƙa kai su cikin gidaje ana daka ana niƙa a tsakar gidan da yara ke rarrafe. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano abin da ke kashe yara a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, kuma yaran da suka rasu ba su gaza 400 ba. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, ƙauyen Bagega kuwa aikinsa bai samu ba sai a 2013. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar a 2019, ta ɗage hanin a ƙarshen 2024. Dattijon ya ce da yawa daga 'ya'yan masu fafe duma wurin haƙar zinariya suka tafi.

Mafi nauyin abin da ya faɗa mini, a lokacin da muka zauna shan fura bayan azahar, shi ne batun hanya. 'Yan bindiga sun mai da zuwa kasuwa kasada. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako, aka hana safarar dabbobi, aka kuma yanke layukan waya, da nufin a toshe wa ɓarayi hanyar abinci da sayar da shanun sata. Talaka mai ɗan akuya ɗaya da yake son ya sayar ya sayi magani shi ma abin ya faɗa a kansa. A farkon Janairu na 2022 aka kai hari a ƙauyukan Anka da Bukkuyum aka kashe mutane masu yawa. An buɗe kasuwanni daga baya, amma abin da ya karye bai gama ɗoruwa ba: rugagen da ya sani tun yana yaro wasu sun tashi, baƙin fatake da ke kwana a zaurensa sun ragu, wanda ya zo ma yana sauri ya juya kafin la'asar, kuma bashin da a da akan ba mutum daga wannan kasuwa zuwa mai zuwa yanzu sai an yi dogon tunani, tun da ba wanda ya tabbata mai ɗauka zai iso gida.

Saboda haka ina kira ga hukuma, ta jiha da ta tarayya, da ta tsare hanyar da ta taso daga Anka ta bi Daki Takwas zuwa Gummi, da ƙananan hanyoyin da mutanen ƙauye ke bi ranar kasuwa, ta kuma samar da jirage masu aminci da rigunan ruwa a mashigan gulbi. Kai kuma mai karatu, idan Allah ya kai ka Gummi, ka tambayi halin hanya kafin ka taso, ka nemi ɗan gari ya shige maka gaba, ka biya shi hakkinsa ba tare da ƙwauro ba, ka kuma ce ya kai ka rumfunan ƙwarya.