TARIN KARE DA YADDA LIKITA KE WANKE MAƘOGWARO DOMIN GANE SHI

Ya kai mai karen farauta ko na gadi a Cheberu da ƙauyukan Gwandu da Kalgo, ka sani tarin kare iri iri ne. Sa'ad da hunturu ya shigo, hazo ya rufe gari, ƙura ta kan sa kare tari kwana biyu ko uku, sa'an nan ya wuce. Wannan ba abin damuwa ba ne. Amma kadan tari ya kai mako biyu, kare ya rame, ya ƙi abinci, yana haki ko da bai yi gudu ba, to, cutar ta sauka ƙasa cikin huhu ke nan.

Abubuwa da yawa ke kawo wannan. Akwai ƙwayoyin cuta masu sa ruɓa a huhu. Akwai tsutsotsi ƙanana da ke zama cikin hanyoyin numfashi. Akwai cutar da likitoci ke kira distamfa, wadda ta fi kama 'yan kwikwiyo, Bafaranshe Henri Carré ne ya gane asalinta a 1905. Wani lokaci ma zuciya ce ta gaji, huhu ba shi da laifi. A kunnenka duk tari ne, amma maganin wannan ba ya warkad da wancan. Shi ya sa mai sayen kafso a kasuwa ya kan yi hasara biyu, kuɗi su tafi, kare kuma ya bi su.

Likitan dabbobi ya kan fara da sauraron ƙirji, in da hali ya ɗauki hotonsa. Kadan wannan bai ishe shi ba, sai ya nemi majinar da ke can ƙasa. Kare kuwa ba ya tofar da kaki kamar mutum, haɗiyewa ya ke yi. Yawun bakinsa kuma ba shi da amfani ga wannan aiki, gama bakin kare cike ya ke da ƙwayoyi kullum, ko yana lafiya lau.

Ga dabarar. A kan ba kare magani kaɗan domin ya natsu, a aske gashin wuyansa, a wanke wurin sarai, a yi masa allurar kashe zafi. Sa'an nan likita ya soka allura tsakanin zoben guringuntsin maƙogwaro, ya zura siririyar roba ta cikinta har ƙasa. Sai ya tura ruwan gishiri mai tsabta, irin na asibiti, watau giram 9 na gishiri cikin lita guda, misalin cokalin shayi ɗaya zuwa huɗu gwargwadon girman karen. Nan da nan kare ya kan yi tari, tarin nan kuwa shi a ke so, domin shi ke tuttuɗo majina. Likita ya zuƙo ruwan da sirinji. Kaɗan ne ya kan komo, saura huhu ya shanye shi ba tare da wani lahani ba. Kada ka firgita ka ce za a shaƙe maka kare.

Akwai wata hanya mai zuwa zurfi, inda a ke sa kare barci sosai, a zura bututu mai fitila ta bakinsa har cikin huhu a wanke can. Wani likitan Japan, Shigeto Ikeda, shi ya fito da irin bututun nan mai lanƙwasa a 1966. Yana da tsada, sai a manyan asibitoci.

Ruwan da aka zuƙo shi ke ba da labari ƙarƙashin madubin likita. Kadan an ga fararen ƙwayoyin jini tuli sun haɗiye ƙwayoyin cuta cikin cikinsu, ruɓa ce. Kadan wani irin farin ƙwayar jini mai jan ɗigo ne ya yi yawa, sai a zargi tsutsa ko wani abin da jikin karen ba ya so. Wani lokaci a kan ga 'ya'yan tsutsar da kansu. Saura a kan shuka shi cikin faranti kwana biyu ko uku, a ga ƙwayar da ta tsiro, a gwada magungunan da ke kashe ta. A ganina wannan shi ne mafi amfani duka, gama ƙwayoyi da yawa sun saba da magungunan da a ke bayarwa barkatai.

Saboda haka kada ka ba kare kafso kafin ka kai shi, magani ya kan ɓoye ƙwayoyin, a shuka ba su tsiro ba. In ka riga ka ba shi, faɗa wa likita gaskiya, ka tafi da kwalin. Fara da ma'aikacin dabbobi na kusa da kai, ko na Birnin Kebbi. Shi zai gaya maka ko za a wuce asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Karen da numfashi ya riga ya yi wa wuya ƙwarai ba a yi masa wankin nan sai ya ɗan farfaɗo.

Abu ɗaya kuma, ya fi duk waɗannan nauyi. Kadan ka ga kare yana kakari kamar ƙashi ya maƙale masa, yawu na zuba, muryarsa ta sāke, kada ka sa hannu a bakinsa ko kaɗan. Haukan kare ya kan zo da wannan kama, kuma yana kashe mutum. Kulle shi, ka kori yara daga wurin, ka aika a kira ma'aikaci. Wanda ya cija ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ya tafi asibiti a ranar nan.