Hanx!: Faifan Samarin Belfast da Suka Ƙi Ɗaukar Bindiga

SAUTI: Ihun 'yan kallo, sai jita ta shigo da ƙarfi. A bar shi ya ɗan yi tafiya, sannan a sassauta.

MAI GABATARWA:



Wannan ƙara da ta daki kunnuwanku ba laifin akwatin rediyonku ba ne, haka aka naɗe ta. Sautin wani faifai ne mai suna Hanx!, wanda wasu samari huɗu 'yan birnin Belfast na Ireland ta Arewa suka fitar a watan Satumban 1980. Sunan ƙungiyarsu Stiff Little Fingers. Ba a situdiyo aka ɗauki faifan ba. A gaban jama'a aka naɗe shi, ana tsalle ana gumi, a wasanni biyu da suka yi a Ingila cikin watan Yulin shekarar: ɗaya a zauren Rainbow na Landan, ɗaya a kulob ɗin Friars na garin Aylesbury. Waƙoƙi 11 ne a ciki, kuma masu nauyinsu duk zancen yaƙi suke yi: bam, shingen waya, kakin soja, da yaron da harsashi ya kayar a bakin titi.

Kafin mu shiga faifan, bari mu leƙa garin da ya haifi waɗannan samari.

SAUTI: Ganga ita kaɗai, a hankali, a ƙarƙashin murya.

MAI GABATARWA:

Jagoransu, Jake Burns, an haife shi a 1958. Ke nan yana da shekara 11 lokacin da gwamnatin Birtaniya ta tura sojoji titunan Ireland ta Arewa, a watan Agustan 1969. Rikicin tsakanin ɓangare biyu ne. Akwai masu son yankin ya ci gaba da zama cikin Birtaniya, akasarinsu Furotesta. Akwai masu son a haɗe da Jamhuriyar Ireland, akasarinsu Katolika. Kowane ɓangare da 'yan bindigarsa: IRA a ɓangaren masu son haɗewa da Ireland, UVF da UDA a ɓangaren masu son zama cikin Birtaniya, ga sojoji da 'yan sanda a tsakiya. Kafin ƙura ta lafa, sama da mutum 3,500 sun rasa rayukansu.

Shekarar 1972 ce ta fi muni. Ranar 30 ga Janairu, sojoji suka buɗe wuta kan masu zanga-zanga a birnin Derry, mutum 13 suka mutu nan take. Ranar 21 ga Yuli, IRA ta tayar da bama-bamai wajen 20 a Belfast cikin yini guda, mutum 9 suka mutu. Aka kewaye tsakiyar birnin da shinge da ƙofofin ƙarfe. Mai zuwa sayayya sai an caje shi, in yamma ta yi a garƙame, gari ya yi tsit.

Su ma makaɗa ba su tsira ba. A ƙarshen Yulin 1975, 'yan bindigar UVF sanye da kakin soja suka tare motar wata shahararriyar ƙungiyar kiɗa, Miami Showband, suka kashe uku daga cikinsu. Daga nan manyan mawaƙa suka riƙa kauce wa yankin. Ko a watan Oktoban 1977, da ƙungiyar The Clash ta yi ƙundumbala ta zo Belfast, sai aka soke wasan a ranar, matasan da suka taru suka ƙare da arangama da 'yan sanda.

To, yaron da ya tashi a irin wannan gari, me ya rage masa? Zaman gida, zaman kashe wando, ko kuma ya amsa kiran manyan unguwa masu neman wanda za su danƙa wa bindiga.

SAUTI: Farkon waƙar “Alternative Ulster”.

MAI GABATARWA:

Ana cikin haka kiɗan pank ya iso daga Landan da New York. Kiɗa ne mai sauri, mai ƙara, gajere, wanda ba ya neman ka ƙware kafin ka hau dandamali. Jita biyu, jitar bas, ganguna, da maƙogwaro mai ƙarfi, shi ke nan. A Belfast sai ya zama mafaka. A mashayar Harp da shagon faifai na Good Vibrations, na Terri Hooley, 'ya'yan Katolika da na Furotesta suka riƙa cakuɗuwa ba mai tambayar wani unguwarsu. A wancan zamani, wannan kaɗai kasada ce.

Burns da abokansa sun fara ne da kwaikwayon waƙoƙin wasu, da sunan Highway Star. A 1977 suka sauya suna, suka sauya kiɗa. Sai wani ɗan jarida, Gordon Ogilvie, ya ga wasansu, ya ba Burns shawarar ya daina rera rayuwar wasu, ya rera abin da yake gani a ƙofar gidansu. Su biyun suka zama abokan rubutu. A 1978 ƙungiyar ta buga waƙar “Suspect Device” da kuɗin aljihunta, aka aika wa John Peel na gidan rediyon BBC, shi kuwa ya riƙa saka ta dare bayan dare. A Fabrairun 1979 kundinsu na farko, Inflammable Material, ya fito daga ƙaramin kamfanin Rough Trade, ya kai lamba 14 a jerin faifan da suka fi kasuwa a Birtaniya, abin da ba a saba gani ba daga kamfani mai zaman kansa. Na biyu, Nobody's Heroes, ya biyo baya a farkon 1980.

Daga waɗannan kundaye biyu aka tsamo waƙoƙin Hanx!. Asali don kasuwar Amurka aka shirya shi, a gabatar da su kafin su je can. Da aka sake shi a Birtaniya kuma, sai ya haye lamba 9.

Ga abin tambaya: tun da waƙoƙin suna nan a faifan situdiyo, me ya sa mutane suka sake sayen su?

SAUTI: “Wasted Life”, daga inda 'yan kallo ke amshi.

MAI GABATARWA:

Amsar tana cikin abin da kuka ji yanzu. A dandamali komai ya ƙara sauri. Muryar Burns a dishe take, yana tura kalmomi da ƙarfin tsiya. Jitar Henry Cluney tana karta, bas ɗin Ali McMordie yana tafe a ƙasa, gangar Jim Reilly tana kora su gaba ba numfashi. Sannan ga murya ta biyar, wadda babu ita a situdiyo: ta jama'ar da ke cikin zauren.

A nan ne ya kamata mu tsaya mu duba ko su waye jama'ar. Ba 'yan Belfast ba ne. Matasan Ingila ne, ƙasar da ke tura sojojin. A watan Agustan 1980 marasa aikin yi a Birtaniya suka haura miliyan 2, kuma ofishin ɗaukar soja na daga cikin ƙofofin da suka rage a buɗe ga yaron da ya gama makaranta ba sana'a. Shekara guda kafin nan, a Warrenpoint, bam ɗin IRA ya kashe sojoji 18 a rana ɗaya, da yawansu samari ne. Wato masu amshin nan sa'annin waɗanda ake saka wa kaki ne a kai su sintiri a titunan su Burns.

Ku lura da yadda aka jera ƙarshen faifan. “Wasted Life” magana ce ga 'yan bindigar unguwa: mawaƙin ya ce ba zai ba su rayuwarsa ba, domin masu zuga yara su mutu ba jarumai ba ne. Tana ƙarewa sai “Tin Soldiers”, labarin yaron da ya shiga soja tun bai gama girma ba, don neman abin yi da nuna shi ba matsoraci ba ne, ya wayi gari ya sa hannu a kan shekarun ƙuruciyarsa. Ɗaya ta ƙi kiran ɗan daba, ɗaya ta ƙi kiran gwamnati, kuma an ɗora su kafaɗa da kafaɗa. Mu da muka san kiɗan da ke zuga namiji ya faɗa fage, kirari na tashi yana tsuma, nan mun gamu da kishiyarsa: zafin iri ɗaya, tsumar iri ɗaya, amma abin da ake zuga ka ka yi shi ne ka ce a'a.

Faifan bai rasa barkwanci ba, sai dai baƙi ne. “Barbed Wire Love” waƙar soyayya ce da aka gina da kayan yaƙi, saurayi da budurwa a tsakanin shingen waya da tarkon bam, har da wani ɗan sassauci irin na waƙoƙin soyayyar Amurka na da, don tsokana. “Fly the Flag” kuwa ba'a ce ga masu kaɗa tuta suna cika aljihu.

SAUTI: Gangar farkon “Johnny Was”.

MAI GABATARWA:

Wannan kuma masu son rege za su gane ta. Waƙar Bob Marley ce, daga kundinsa na 1976, Rastaman Vibration: uwa tana kuka a kan gawar ɗanta da harsashin kan mai uwa da wabi ya samu. Stiff Little Fingers suka ɗauko ta daga Jamaika suka dasa a Belfast, suka buɗe ta da gangar fareti irin ta soja. A faifan da sauran waƙoƙinsa ke gudu, wannan ta ja wajen minti goma. Ita ce zuciyar Hanx!.

Ba kowa ne ya yaba musu ba. Takwarorinsu na Derry, The Undertones, waɗanda suka zaɓi rera 'yan mata da ƙuruciya, sun zarge su da cin kasuwa da bala'in mutane. Wasu suka ce ai ɗan jarida ne ke taya su rubutu, kuma sun koma Landan da zama. Sukar ba ta rasa tushe ba, domin rikicin ya taimaka wajen sa a san su. Amma akwai abin da ya faru daga baya da ya kamata a ɗora a kan sikeli.

A watan Agustan 1983, a yammacin Belfast, wani sojan Birtaniya ya harbe wani saurayi ɗan shekara 22 mai suna Thomas Reilly, wanda ke aikin rakiyar mawaƙa a tafiye-tafiyensu. Ba ya ɗauke da makami. Ɗan'uwan Jim Reilly ne, wanda kuka ji yana buga gangar nan. Kotu ta samu sojan da laifin kisan kai, karo na farko da aka yi wa soja irin wannan hukunci kan harbi a bakin aiki a rikicin. An yanke masa ɗaurin rai da rai, amma bayan 'yan shekaru kaɗan aka sake shi, ya koma rundunarsa. Duk wanda ya ce samarin nan aron baƙin cikin wasu suka yi, sai ya fara bi ta kan wannan labari.

Ƙungiyar ta watse a farkon shekarun 1980, ta sake haɗuwa a 1987. Ranar 10 ga Afrilun 1998 aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Belfast. 'Yan siyasa ne suka rattaba hannu, ba makaɗa ba, kuma har yau akwai katangun da ke raba wasu unguwannin birnin. Waƙa ba ta tsayar da harsashi ko ɗaya ba. Abin da ta yi ya fi haka ƙanƙanta, amma yana da amfani: yaron da aka ce masa hanya biyu ce kawai, ko bindigar unguwa ko ta gwamnati, ta nuna masa akwai ta uku, kuma Hanx! ya naɗi shaidar cewa in ya bi ta ba shi kaɗai ba ne.

Za mu rufe da waƙar da ta rufe faifan, “Suspect Device”, inda suke gaya wa matasa su daina yarda da duk mai neman mayar da su makami. A nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. 

SAUTI: “Suspect Device”, har ƙarshe.