Robinson Crusoe: ya tuba daga saɓa wa mahaifi, bai tuba daga cinikin bayi ba

Galibin waɗanda suka san Robinson Crusoe sun haɗu da shi ne a gajerun bugu da ake yi wa ƴan makaranta: jirgi ya kife, mutum ɗaya ya tsira, ya gina bukka, ya kiwata awaki, ya shekara 28 a tsibiri. Irin waɗannan bugu kan datse wani babban sashe na littafin da Daniel Defoe ya fitar a Landan a 1719, wato addini. A ainihin littafin, tsibirin wurin horo ne da Allah ya kai bawansa mai taurin kai.

Defoe ya taso cikin Kiristocin da suka ƙi bin cocin gwamnatin Ingila, mutanen da suka saba bin diddigin rayuwarsu suna neman hannun Allah a kowane abu. A kan haka ya gina labarin. Mahaifin Crusoe ya roƙe shi ya zauna gida ya yi rayuwa matsakaiciya, shi kuwa ya gudu ya shiga jirgi a 1651 ba tare da albarkar iyaye ba. Guguwar farko na tasowa sai ya fara tunanin komawa gida kamar ɗan da ya ɓace na Linjilar Luka, wanda ya ɓarnatar da gadonsa ya dawo yana neman gafara. Da teku ta lafa, ya manta. Bayan jirgin ya nutse, mai jirgin ya kwatanta shi da Annabi Yunusa, wanda gudunsa ya jawo wa abokan tafiya masifa. Mai karatu Musulmi ba ya buƙatar bayani a nan, domin ya san ƙissar, kamar yadda ya san ta Annabi Ayuba, wanda Crusoe ya kwatanta kansa da shi a ƙarshe da dukiyarsa ta dawo ninki-ninki.

Inda Defoe ya fi nuna sanin halin ɗan Adam shi ne batun sha'ir. Wata rana Crusoe ya ga zangarniya ta tsiro kusa da masaukinsa, ya zubar da hawaye yana ganin mu'ujiza. Daga baya ya tuna shi ne ya kakkaɓe wani tsohon buhun abincin kaji a wurin, nan take godiyarsa ta yi sanyi. Sai da zazzaɓi ya kayar da shi a 1660, ya yi mafarki mai ban tsoro, ya buɗe akwati yana neman taba don magani, sannan hannunsa ya faɗa kan Littafi Mai Tsarki. Ayar Zabura da ya karanta, mai magana kan kiran Allah a ranar wahala, ita ta sa ya gane cewa kuɓuta daga zunubi ta fi kuɓuta daga tsibiri.

To amma wane zunubi? Crusoe ya taɓa zama bawa na shekara biyu a garin Sale na Maroko. Ya tsere tare da wani yaro mai suna Xury da ya yi masa amana, kuma da wani jirgin Fotugal ya cece su, ya sayar da yaron kan tsabar azurfa 60, bisa sharaɗin a ƴanta shi bayan shekara goma idan ya zama Kirista. Ya tuna da yaron daga baya, amma don gonarsa ta Barazil na buƙatar ma'aikaci. Tafiyar da ta jefa shi tsibiri a ranar 30 ga Satumba 1659 kuwa, ta zuwa gaɓar Gini ce don sayo bayi. Duk tsawon shekarun da ya yi yana lissafin laifuffukansa, abin da ya kira asalin zunubinsa shi ne saɓa wa uba da rashin wadar zuci. Cinikin mutane bai shiga lissafin ba.

Haka abin ya ci gaba da baƙon da ya ceto daga hannun masu cin naman mutane. Bai tambaye shi sunansa ba, ya raɗa masa sunan ranar da ya same shi, wanda Bahaushe zai ce Ɗanjuma, kuma cikin kalmomin farko da ya koya masa har da wadda zai riƙa kiransa da ita, wato maigida. Ya koya masa addini da gaske, ba a musun wannan. Sai dai wata rana ɗalibin ya tambaya: in Allah ya fi Shaiɗan ƙarfi, me ya hana ya kashe shi a huta? Crusoe ya rasa amsa, ya yi kamar bai ji ba, daga bisani ya ƙirƙiro masa aike ya tura shi nesa.